Shagon Mama Mai Kaset

A bakin layinmu na Dutsen Kura, daidai inda kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa. Yanzu gas ɗin girki ake sayarwa a ciki. Da can shagon hayar kaset ɗin bidiyo ne, na wata mata da duk unguwa ke kira Mama Mai Kaset. Ni Mama kawai nake ce mata.

'Yar Gbagyi ce, Kirista, daga wani ƙauye a bayan Chanchaga. Mijinta direban babbar mota ne, shi ya buɗe shagon da kwali biyu na kaset da ya tattaro a tafiye-tafiyensa. Bai cika shekara biyu da buɗewa ba ya rasu a hanya. Danginsa suka ce ta tattara yara ta koma ƙauye ta kama noma, ta ƙi. Ta zauna a kujerar da yake zama, ta koyi yadda ake jona bidiyo da talabijin, kuma da wannan shago ta yi wa 'ya'yanta uku makaranta.

Hausarta irin ta Minna ce, wadda aka koya a kasuwa. Kowa namiji ne a bakinta. In ta gan ni da safe sai ta ce, "Dana, Inna ya tashi lafiya?" Ɗana take nufi, haka take kirana. Inna kuwa ita ce mahaifiyata. Mu jikokin waɗanda aikin jirgin ƙasa ya kawo garin ne, mahaifina tela ne, ya rasu ina sakandare. Inna ba ta cika fita ba, amma tana son fim, musamman na Hausa da ake kawowa daga Kano. Ta nan suka ƙulla ƙawance da Mama. Duk ranar Lahadi in Mama ta dawo daga coci sai ta biyo gidanmu da kaset a ƙarƙashin hammata, su shimfiɗa tabarma su kalla tare, suna zagin mugun fim ɗin kowace da harshenta. Da Sallah Inna ta aika mata da tuwo da nama, da Kirsimeti Mama ta kawo zakara da ransa ta ce a yanka a gidanmu, don kada mu ƙi cin shinkafarta.

A shekarun nan shagon ba ya rabuwa da mutane. Bangon waje cike yake da fosta, wani a kan wani, har sun yi kauri kamar kwali. In sabon fim ya zo mai kashi biyu, sai ka ga mutum ya mayar da na ɗaya ya tsaya a ƙofa yana jiran wanda ya ɗauki na biyu ya dawo da shi. Akwai na Indiya, akwai na faɗan Chana, akwai na 'yan Kudu masu boka da fasto. Mama ba ta ba da fim sai ta kalle shi tukuna a 'yar talabijin ɗinta, shi ya sa ta san wanda ya dace da kowane gida. Na taɓa miƙa hannu zan ɗauki wani, ta buge mini hannun ta ce, "Wannan ba na gidanku ba ne." Da damina kaset kan yi fumfuna, sai ta zauna da auduga da sifirit tana goge zaren a hankali, tana juya shi da yatsa. Ba ta gajiya da wannan aikin.

Da faifan sidi ya shigo, wasu masu shago suka tsaya gardama, ita kuwa ta bi shi nan da nan. Kasuwa ta ƙara buɗe mata har ta karɓi shagon da ke maƙwabtaka da nata, aka fasa bango aka haɗe su. A lokacin ne na gama difloma na dawo gida ba aiki. Shekara uku ina yawo da takardu. Da hantsi in na gaji da zaman gida sai in je in zauna a bencin ƙofar shagonta. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan sami aiki ba, kuma a unguwarmu ita kaɗai ce ba ta tambaya. In ta sayi dafaffiyar masara sai ta karya biyu ta miƙo mini rabi ba tare da ta dube ni ba. Ni kuma da yake rubutuna yana da kyau, nakan rubuta mata sunayen fina-finai a jikin kwalaye in nata sun goge.

Ana haka wani abokina ya dawo daga Kano ya ba ni labarin sabuwar sana'a. Ya ce can samari sun daina hayar faifai, mutum ya zo da wayarsa ko memorinsa, mai kwamfuta ya tura masa fim biyar, goma, ya tafi da su a aljihu, ba sai ya dawo da komai ba. Yayana da ke Kaduna yana da tsohuwar kwamfutar cinya da ya daina amfani da ita, na roƙe shi ya ba ni. Kwamfuta ta samu, amma babu fim ko ɗaya a ciki. Data a lokacin tsada gare ta, kuma sai ka wuni ba ka sauke fim ɗaya ba. Duk abin da nake bukata yana jere a kantocin Mama, a bayan bencin da nake zama.

Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa mata. Abin da na faɗa a ƙarshe shi ne, "Mama, kin ga faifan nan suna karcewa. Ki bari in zuba miki su a kwamfuta. In wani ya lalace sai in buga miki sabo."

Ta dubi kwamfutar ta ce, "Duka zai shiga cikin wannan karamin abu?"

Na ce zai shiga, in na ƙara masa ma'ajiya.

"To, Allah ya yi maka albarka. Dauka."

Goma-goma take ɗaure mini su a leda, in kwafe in dawo da su ta ba ni wasu. Wata uku muka yi a haka. Da muka gama da na kanta, ita da kanta ta sunkuya ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur, cike da tsofaffin fina-finan da ba a samunsu kuma, waɗanda ta biya aka juye mata daga kaset ɗin mijinta zuwa faifai, kuma ba ta ba kowa haya. Ta ce in haɗa da su kada su ɓata. Na karɓa. Sau biyu ko uku na buga mata sabon faifai a madadin wanda ya karce, kuma na san dalilin da ya sa na yi: don in iya ce wa kaina ban yi ƙarya ba.

Wata Litinin na kafa tebur da lema a tsallaken titi, daidai gaban shagonta. Ina iya zuwa bakin tasha ko kusa da kasuwa, akwai wuri. Amma masu kallon fim na unguwarmu nan suke zuwa, ƙafarsu ta saba da wurin shekara da shekaru, kuma na san wadda ta sabar da ita. Na rubuta a kwali da wannan rubutun nawa mai kyau cewa ana tura fina-finai a waya.

Da ta buɗe shago ta hango ni, sai ta tsallako. Ta daɗe tana kallon kwalin, duk da ba ta iya karatu sosai ba. Wani saurayi yana tsaye ina tura masa, ta leƙa fuskar kwamfutar ta ga hoton wani fim da ta sani sarai, don daga jakar ƙarƙashin tebur ya fito. Na jira ta yi magana. Ta ce, "Ka samu aiki ke nan. Allah ya ba da sa'a." Ta koma. Can an jima sai ga ta da bencin nan ta ɗauko shi a kafaɗa, yadda matan garinsu ke ɗaukar kaya, ta ajiye a gefen teburina, ta ce masu jira su riƙa zama.

Daga inda nake zaune ina ganin ƙofarta sosai. Da farko samari ne suka tsallako. Sai 'yan mata, sai matan aure suka fara aiko da memori a ƙulle a bakin gyale. Wasu sukan tsaya su gaishe ta tukuna sannan su tsallako wurina. Wasu kuma kunya ta sa sukan zagayo ta bayan layi don kada ta gan su, alhali wurin a buɗe yake, tana ganin kowa. Takan zauna da tsumma tana goge kwalayen faifai ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na koyi zama a karkace, ina fuskantar gangaren titi.

Inna ba ta taɓa yarda in sa mata fim a waya ba. Ta ci gaba da karɓar faifai daga wurin Mama, har waɗanda ta riga ta kalla. Wata rana da la'asar na shigo cin abinci, ta bari na fara ci sannan ta ce, "Fina-finan nan da kake tura wa mutane, a ina ka samo su?"

Na ce, "Inna, zamani ne ya canja. Ko ban yi ba wani zai yi."

"Ba zamani na tambaye ka ba. Cewa na yi a ina ka samo su."

Na ci gaba da cin abinci.

Ta ce, "Ka je ka ba ta haƙuri. Ba ta ce mini komai ba, kuma ba za ta ce ba. Shi ya sa nake ce maka ka je."

Na ce to. Ban je ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan kamar shekara guda. An yi ruwa da rana, lemata ta kife, ina ta fama da rufe kwamfuta da leda. Mama ta kira ni in shigo in fake. Rabona da shiga shagon tun ranar da na mayar da ledar ƙarshe. Rabin kantocin babu komai. Ta ba ni tsumma na goge kaina, sannan ta ce babbar 'yarta, wadda ta fara aikin jinya, ta ce za ta iya sayo mata tsohuwar kwamfuta.

"Ka koya mini wannan turawa," in ji ta. "Ga shago babba, ba kowa. Kai yana shan rana, yana shan ruwa. Ka shigo ciki mu yi tare."

Magana ce mai kyau, kuma na san mai kyau ce tun a lokacin. Aikin ba shi da wuya, sati ɗaya ya ishe ta, matar da ta koyi warware bidiyo da sukundireba ba wanda ya nuna mata. Amma abin da ya zo mini shi ne, in ta iya, mutane za su koma wurinta. Sun fi son ta a kaina. Ta san abin da kowa ke so, tana iya ba ka labarin fim har ka ji sai ka gani, ni kuwa danna maɓalli kawai na iya. Na ga kaina na koma zaman benci. Na ce, "To Mama, bari sati mai zuwa, in na ɗan sami sarari."

Sati ya zo ya wuce. Ta sake tuna mini, na ce kwamfutar tana ba ni matsala. A karo na uku na ce mata gaskiya abin duk da Turanci yake, kuma yana da rikitarwa ga manya, kada ta sa yarinya ta yi asara. Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ne. Kai ne ya yi makaranta." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Daga nan abin ya tafi a hankali. Ta mayar da rabin shagon, aka sake gina bangon da aka fasa. Ta sa firji ta fara sayar da ruwan leda da ƙanƙara da kunun zaƙi, faifan suka koma can ciki. Fostocin waje suka koɗe, ba a liƙa sababbi ba. Gaisuwarmu ba ta yanke ba, kullum sai ta ɗaga mini hannu ta tambayi Inna, alhali ta fi ni sanin yadda Inna ta kwana. Da ƙaramin ɗanta ya gama sakandare, ta ce ba ta ga abin da zai zaunar da ita a gari ba kuma.

Ranar da za ta tashi, na fito da safe na ga a-kori-kura a ƙofar shagon ana loda firji. Ban kafa tebur ba. Na juya na nufi tasha, na shiga motar Wushishi, na je wurin wani abokina da ba shi da labarin zuwana, na wuni ina bin sa a kasuwa. Da na dawo shagon a rufe yake. Inna ta ce Mama ta zo sallama, ta zauna jirana har direba ya fara fushi. Ta ce har tsofaffin kaset ta kwashe a buhu, wai za ta zare zaren ta ɗaure a gonar shinkafa, in iska ta kaɗa shi yana ƙyalli yana ƙara tsuntsaye ba sa sauka. Inna ta faɗi wannan tana 'yar dariya, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Tawa sana'ar ma ba ta yi tsawon rai ba. Data ta yi sauƙi, kowa ya koma kallo kai tsaye a wayarsa. Na ga masu zuwa wurina suna raguwa kamar yadda na ga nata suna raguwa, sai dai ni ba wanda ya ji kunyar wuce ni. Na naɗe lema na koyi gyaran waya, daga baya na sami koyarwa a wata makarantar kuɗi, na yi aure. Inna da Mama suka ci gaba da gaisawa ta waya jefi-jefi, in an dace da sabis a ƙauyen. Da kaka Mama takan aiko da doya. In Inna ta miƙo mini wayar in gaishe ta, nakan gaisa a gurguje in mayar.

Inna ta rasu bayan jinyar kwana tara. Ni ne namiji babba a kusa, ni na riƙe wayarta ina sanar da mutane. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har na zo kan na Mama. Na tsaya. Na ce bari in gama da dangi tukuna. Aka yi jana'iza, aka yi uku, aka yi bakwai, kullum ina cewa gobe. Kowace rana da ta wuce kiran yana ƙara nauyi, don yanzu sai na haɗa da bayanin me ya sa ban kira tun farko ba. Har na kashe wayar Inna na sa a akwati.

An kusa wata biyu da rasuwar, wata Asabar da hantsi ina tsakar gida, na ji sallama da muryar da na sani. Mama ce, ta sauko daga acaɓa da ƙullin doya. Ta tsufa, ta rame, tana ɗan jan ƙafa ɗaya. Ta ce ta yi ta kiran wayar ba ta shiga, sai jiya ta haɗu da wata 'yar unguwarmu a kasuwar Chanchaga ta yi mata ta'aziyya, tana zaton ta sani. Ta leƙa ɗakin Inna ta ga an kwashe gado. Ta zauna a bakin ƙofar ta yi kuka ba sauti. Matata ta kawo ruwa ta koma ciki.

Da ta share fuska ta ce, "Dana, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na durƙusa a gabanta. Na fara da maganar rasuwar, sai na tsinci kaina ina faɗin komai: faifan da na kwafa, abin da na ce mata da abin da nake nufi, tebur a gaban shagonta, koyarwar da na hana ta da dalilin da ya sa na hana, har tafiyata Wushishi. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Shago zai mutu, ko da kai ko ba kai. Na ga na wasu ya mutu, ba wanda ya kwafe musu komai. Wancan na bar shi tuntuni." Ta dube ni. "Amma Inna ya yi ciwo kwana tara. Daga garinmu zuwa nan ba nisa. Da na zo na wanke masa kaya, na rike masa hannu. Wannan kai ne ka yi."

Na ce ta yafe mini.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Cewa ta yi, "Kai ni in ga wurin da aka sa shi."

Na ari babur ɗin maƙwabcina na goya ta zuwa maƙabarta. Ba ta shiga ba, ta san al'adarmu. Muka tsaya a inda katangar ta yi gajarta, na nuna mata wajen da kabarin yake, kusa da wata bishiyar darbejiya. Ta cire takalmi ta tsaya a kan ƙasa mai zafi, ta haɗa hannuwa ta yi addu'a da harshensu, doguwa, ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Inna da ya fito sau da yawa. Ni ma na yi tawa a gefe.

Na ce in kai ta har gida, ta ce a'a, in sauke ta a inda ake shiga mota a Chanchaga. A hanya ta tambaye ni sunan matata da ko tana da ciki, na ce tana da shi. Ta ce in an haihu a gaya mata. Na ce in sha Allahu.

Da aka haihu, ita na fara kira, tun kafin yayana. Ta zo suna, ta zauna cikin mata, ta ɗauki jaririyar ta yi mata wasa. Tana amsa gaisuwata da kyau, tana tambayar aiki. Amma tun ranar maƙabarta ba ta ƙara ce mini ɗana ba. Malam take ce mini, kamar yadda iyayen yara ke faɗa a makaranta, ni kuma ina amsawa.